Ɓarayin Jan Ƙarfe A Bompai Da Sharaɗa Da Challawa

Watakila manomi ya ce ina ruwansa da wayar lantarkin masana'antun Kano. To, da ruwansa ƙwarai. Injunan Kano su ke matse gyaɗarsa da waken suyarsa, su cashe shinkafarsa, fatun awakinsa kuwa majemun Challawa ke saye. Ran da aka yanke wayar wata masana'anta sai inji ya tsaya, a daina awon kaya. In kuwa mai ita ya ta da janareta, kuɗin man dizal daga farashin da zai ba dillali zai fitar da su, dillali kuma ya huce a kan manomi.

Abin da ɓarayi ke nema shi ne jan ƙarfen da ke cikin wayar, gama yana da tsada. A 2024 tan guda ya haura dala 10,000 a kasuwar Landan. Wayoyin da ke bisa turaku galibinsu na alminiyam ne. Jan ƙarfe yana ƙasa, watau kaurarar wayar da ta fito daga taransifoma ta shiga akwatin rarraba wuta, da wadda aka binne zuwa ɗakin inji.

Ɓarawon waya ba ya zuwa sai an ɗauke wuta, don wayar da ke shiga taransifoma tana ɗauke da ƙarfin bolt 11,000, wani wuri ma 33,000, wanda ya taɓa ta da ƙyar ya kai labari. Abin mamaki, a sa'an nan ne maigadi ya kan shimfiɗa tabarma, wai ba abin tsaro tun da injuna sun yi shiru! Lalle ran duhu ya kamata a ninka tsaro.

Alamun ɓarna ba su da wuyar ganewa ga mai zagayawa kowace safiya: sabuwar ƙasa a kan hanyar wayar da aka binne, ko kwaɗo a karye, ko mai ya tsiyaye gindin taransifoma. Baƙin hayaƙi mai warin roba a kango da dare, shi ma a bincika, don da wuta su kan ƙone rigar wayar su fid da ƙarfen. Amma akwai alamar da ta fi waɗannan hatsari. Babban inji da wayoyi uku ya ke aiki. In an sace ɗaya, aka kunna, sai ya yi ta gurnani ba ya juyawa, in ba a kashe maza ba ya ƙone. In ta huɗun aka ɗauke, wadda ke daidaita sauran, sai a ga wani ƙwai ya yi haske fiye da kima, wani ya dushe. Wanda ya ga haka ya kashe kome nan da nan, kada kuma ya taɓa guntun waya, gama wuta ba ta sallama in za ta dawo.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da aka bari a fili ita ke kiran ɓarawo. A binne ta da zurfi, a zuba kankare a kai, a kewaye taransifoma da shinge, a sa fitila mai aiki da hasken rana, da ƙararrawa mai batir wadda za ta yi kuka in an yanke waya. Wanda aka riga aka yi wa sata yana iya mayarwa da ta alminiyam, amma sai ta fi ta dā kauri, don alminiyam wajen kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka ya ke ɗauka. Mai injin niƙa da mai famfon rijiyar burtsatse a ƙauye, wannan shawara har da su.

Waɗansu ɓarayin da rana tsaka su ke zuwa, da tsani da hular kwano. Kamfanin KEDCO shi ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, saboda haka duk wanda ya zo taɓa taransifoma a nemi katinsa, a kuma tambayi ofishin kamfanin. 'Yan kasuwa masu sayen tsofaffin ƙarafa su ma su lura, dokar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci ga mai sata da wanda ya karɓi kayan yana sane. In an kama ɓarawo kada a taru a kansa da duka, a miƙa shi ga 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens.