Ƙiba da Ciwon Sukari a Tsakanin Samari

A ƙasar Hausa an saba ɗaukar ƙiba a matsayin alamar wadata, ciwon sukari kuwa a ce na dattawa ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba, kuma samari na cikin lissafin.

Mu duba yankin Janbako, da Talata Mafara, da Bakura, da Maradun. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, noman rani ya yawaita shinkafa. Wannan alheri ne. Sai dai farar shinkafa tana rikiɗa ta zama sukari cikin jini da sauri, haka ma lemon kwalba da furar da aka cika wa sukari. Ga shi kuma babur ya rage tafiyar ƙafa.

Yadda abin yake faruwa

A bayan ciki akwai wata gaɓa, fankiriyas, mai samar da sinadarin insulin. Shi ne ke shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin jiki. A nau'i na 1 na ciwon, jiki ya daina samar da shi, dole a yi allurarsa, wadda aka samu albarkacin binciken Banting da Best a Kanada a 1921. A nau'i na 2, sinadarin yana nan amma jiki ba ya jin umarninsa. Kitsen tumbi da na hanta suna ƙara wannan taurin kai, sai sukari ya taru a jini ya riƙa lalata ido, da ƙoda, da jijiyoyi.

Mai nau'i na 1 ma bai tsira ba. Binciken DCCT da aka buga a Amurka a 1993 ya nuna cewa tsananta kula da sukarin jini ya rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin 100, amma masu yin hakan sun ƙara nauyi. Ƙarin nauyin kuwa yakan sa a buƙaci ƙarin insulin. Maganin wannan shi ne gyara abinci da motsa jiki tare da shawarar likita. Barin allura don gudun ƙiba na iya kai mutum kabari.

Ma'aunai biyu

Na farko, a raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Saurayi mai kilo 87 da tsawon mita 1.7, sakamakonsa 30.1 ne. Ga baligi, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. Na biyu shi ne gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata 2 zuwa 3. Ga yawancin masu ciwon, ana son ya kasance ƙasa da kashi 7.

Wani binciken Amurka na 2002 ya nuna cewa, ga masu haɗarin kamuwa da nau'i na 2, shirin rage nauyi da kashi 7 da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwar da kashi 58. Wake, da zogale, da tuwon dawa daidai ƙima, da hawan keke, duk suna hannunmu.

Aikin aji

Malam ya kawo igiyar awo ta tela. Kowane ɗalibi ya auna ƙugunsa da tsawonsa. Ana son ƙugu ya gaza rabin tsawo. Wanda kuma yake yawan ƙishirwa da fitsari, ko rama ba dalili, ya je asibiti a gwada jininsa.