Hakin Kare: Wanne Ne Na Zafi, Wanne Ne Na Ciwo?

'Yan uwana ɗalibai, mu da muke bi ta kasuwar Ƙofar Ruwa mun saba ganin karen gadi a ɗaure, ya zaro harshe yana ta haki. Ba kowane haki ne ciwo ba. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, don haka da haki yake fitar da zafin jikinsa, musamman a watan Maris da Afrilu. Idan ya samu inuwa da ruwa, hakin zai lafa.

To yaya ake gane na ciwo? Ka bari ya yi barci, ka tsaya daga nesa ka ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na daƙiƙa 30, sai ka ninka biyu. Lafiyayyen kare yana numfashi sau 15 zuwa 30 a minti ɗaya. Idan kullum yana wuce 30 alhali a kwance yake, a kai shi wurin likitan dabbobi. Haka ma tarin da ya kwana biyu bai tafi ba, ko majina da kwantsa tare da ƙin cin abinci. Kada a ce ai ƙurar hunturu ce kawai. Har sauro yana sa wa kare wata tsutsa da ke zama a zuciya, ta jawo tari.

Akwai alamomin da ba a jira gobe: ya miƙe wuya yana jan numfashi da ƙyar, cikinsa yana bugawa, ya kasa kwanciya, ko harshensa ya koma shuɗi-shuɗi ko fari. A kai shi nan take, akwai asibitin dabbobi a Gwale. Idan rana ce ta buge shi, a fara mai da shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki. Ban da ba shi maganin mutane.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Kare mai dalalar da yawu, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, yana iya zama ciwon haukar kare ne ya kama shi. Kada ka sa hannu a bakinsa, ko naku ne, ka kira babba. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.