Ruwa Kafin Jaka: Darasi Ga Masu Shirin Fita Bayan Gari



Tun da aka fara zancen yawon buɗe ido na ƙarshen zango, hirar aji ta koma ta kayan tafiya. Wannan yana neman jakar goyo mai aljihu goma, wancan ya ga tanti a bidiyon Turawa masu hawan dutsen ƙanƙara, ya ce shi sai irinsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tuna wa juna inda muke. Nan Sakkwato ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce maki 40 a ma'auni, kuma wanda ya fita bayan gari a wannan lokaci, ko kufan Surame za shi, birnin da Kanta ya gina da duwatsu a ƙarni na 16, ko madatsar ruwa ta Goronyo, ba zaki ne abin tsoronsa ba. Rana ce da ƙishirwa.

To, mu fara da lissafi. Mai tafiya a ƙasa cikin zafin bazara yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Ledar fiya wata rabin lita ce. Ke nan wanda ya riƙo leda biyu don yinin tafiya ya riƙo abin da rana za ta karɓe kafin hantsi ya gama dubar ludayi. Shawararmu, kowa ya tanadi aƙalla lita huɗu, wato leda takwas, ban da na ajiya a mota. Lita guda nauyinta kilo guda ne, don haka kilo huɗu na farko a jakarka ruwa ya riga ya kama su. Sauran kaya su nemi wuri a bayansa. Gora ko jarka mai murfi ta fi leda, don leda takan fashe a cikin kaya. A naɗe gorar da tsumma a jiƙa shi, iska za ta sanyaya ruwan, kamar yadda randa ke yi a gida.

Kada a jira sai maƙogwaro ya bushe, a riƙa kurɓa akai-akai. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, jikinsa ne ke kai ƙara. Idan abokin tafiya ya fara jiri, ciwon kai ko amai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in ya fara sambatu ko ya suma, magana ta wuce mu. Asibiti za a nufa, ana jiƙa shi a hanya, kuma ba a ɗura wa sumamme ruwa.

Ruwan gulbi da na tafki fa? Gulbin Rima yana da ban sha'awa ga wanda ya sha rana, amma a irin waɗannan ruwaye ake ɗaukar tsargiya, ta fata take shiga, ko mutum bai sha ba. Ban da wanka. In sha ya zama dole, a tace da ƙyalle a tafasa. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Game da sutura, malaminmu yana nan kusa: Bafulatani makiyayi. Dubi abin da ya ɗauka. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, rufaffen takalmin roba, sanda, gora. Babu abu ɗaya a ciki na ado. Malafa inuwa ce mai tafiya tare da kai, rufaffen takalmi maganin ƙaya da ƙarangiya, sanda kuma ita ake fara turawa cikin ciyawa kafin ƙafa. Mu ƙara da tocila, ashana a ƙulle cikin leda, usur, sabulu, bandeji, da guzurin da ba ya lalacewa kamar dabino, ƙuli-ƙuli da garin rogo. Sabon takalmi kuwa a bar shi gida. A fitarmu ta bara wani ɗan ajinmu ya zo da nasa fil a kwali, kafin azahar ya fitar masa da bororo, ya ƙarasa yawon da silifas ɗin aro.

In da kwana, kuma lokacin hunturu ne, bargo ya fi tanti muhimmanci, don sanyin asuba a fili ba irin na ɗakin kwana ba ne. Tabarma, gidan sauro da tamfol sun wadatar. Da damina kada a yada zango a busasshen rafi ko kwari, ruwan da aka yi can nesa yana iya iso ka cikin dare. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kunama na son ɗumi.

Sai maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana shi motsa gaɓar, a ɗauke shi zuwa asibiti don allurar kashe dafi. Ɓata lokaci wajen farautar macijin ba shi da amfani.

Wanda ya ɓace wa 'yan uwa ya tsaya wuri ɗaya a inuwa, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. In yana son gane gabas, ya kafa sanda ya yi alama a ƙarshen inuwarta, bayan minti ashirin ya sake yin wata. Alamar farko ita ce ɓangaren yamma, ta biyu gabas.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Duk mun san halin da ake ciki a dajin Gundumi da yankunan Isa, Sabon Birni da Tangaza. Babu jakar da ke maganin ɗan bindiga. Saboda haka wurin zuwa ba mu ke zaɓa ba, hukumar makaranta ce, bayan ta tuntuɓi jami'an tsaro da hakimi ko mai garin wurin, kuma da izinin iyaye a rubuce. A bar sunayen matafiya da lokacin dawowa a ofishin shugaban makaranta, a ƙirga kai kafin tashi da kuma duk inda aka tsaya, a kamo hanyar gida tun la'asar.

Ranar Alhamis bayan tashi za mu gwada haɗa ruwan gishiri da sukari da dabarar inuwar sanda a filin ƙwallo. Mai zuwa ya zo da gorarsa da ƙaramin cokali.