Darasi: Sunan Adamu da Ƙasar da Muke Nomawa

Karatu: Farawa 2:4-15 da 3:17-19

'Yan'uwa manoma, kwanan baya aka yi suna a gidan wani ɗan ƙungiyarmu a nan Malali. Kakan yaron ya ce a sa masa Adamu, sai wasu matasa suka soma gunaguni. Wani ya ce sunan ya tsufa, wani kuma ya ce ai na Musulmi ne. Shi ya sa na ga ya kamata mu bincika wannan suna tare, gama akwai koyarwa a cikinsa domin kowane manomi.

Asalinsa da ma'anarsa

Sunan ya fito daga Ibrananci, harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari da shi. A wannan harshe "adam" shi ne mutum, "adama" kuwa ita ce ƙasar noma. Akwai kuma "adom", watau ja, kamar jar ƙasar da muke gani a gefen hanyoyin Kaduna. Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya siffata mutum na fari daga turɓaya. Saboda haka duk Ba'ibranen da ya ji sunan, nan take zai tuna da ƙasa.

Yadda ya bazu

Sunan ya riga bishara isowa ƙasar Hausa. Ta hanyar Larabci ya shigo tare da Musulunci, Hausawa suka ƙara masa wasali a ƙarshe, kamar yadda suka yi wa Yakubu da Nuhu. Da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara suka riƙe shi yadda jama'a suka saba. Kullum ma yana bakinmu, gama idan muka ce ɗan Adam ko bil Adama, shi muke ambata.

Manyan mutane da yawa sun amsa shi. Daga Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola, aka sami sunan Adamawa, wadda ta zama jiha a 1991. Malam Adamu Ciroma ya yi editan jaridar New Nigerian a nan Kaduna, ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, daga baya ya zama ministan gona. Ado ma laƙabin Adamu ne, kamar na marigayi Ado Bayero, Sarkin Kano daga 1963 zuwa 2014. Kirista da Musulmi duka suna sa wa 'ya'yansu, kuma daidai ne, domin kakanmu ɗaya.

Koyarwa domin manomi

Farawa 2:15 ta ce ayyuka biyu Allah ya ba Adamu a gonar Aidan: nome ta, da kiyaye ta. Ku lura fa, tun kafin ya yi zunubi aka ba shi wannan aiki. Ashe noma ba la'ana ba ne. Gaskiyar Hausawa da suke masa kirari da na duƙe tsohon ciniki.

Aiki na fari mun iya shi, na biyu ne muke sakaci da shi. Gidaje sun cinye yawancin gonakin Malali, ɗan abin da ya rage a bakin kogin Kaduna kuwa muna nomansa kowace shekara ba hutu. Ƙasar sama, wadda take ciyar da shuka, takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, amma ruwan damina ɗaya yana iya kwashe ta idan an bar gona tsirara. Ga abubuwa huɗu da kowa zai iya yi:

1. Kada a ƙone kara da ganye bayan girbi. A bar su su ruɓe a gona.
2. A ja kunya a gicciye da gangare, domin ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa.
3. Bayan masara ko dawa a bi da wake, gyaɗa ko waken suya, gama saiwoyinsu suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.
4. A haɗa takin dabbobi da na zamani. Na zamani yana ciyar da shukar bana, na dabbobi yana gyara ƙasar har baɗi.

Ban ce dole kowa ya sa wa ɗansa Adamu ba. Amma wanda ya sa, kada ya ji kunya. Ya gaya wa yaron ma'anarsa, ya kuma bar masa gonar da za ta ciyar da shi.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wane ne a cikinmu ya san ma'anar sunansa?
2. A gonar wa ruwa ya soma cin rami? Wace rana za mu yi masa gayya?
3. Cikin abubuwa huɗun nan, wanne za mu soma tare a bana?

Addu'a: Ya Ubangiji, daga ƙasa ka yi mu, daga cikinta kake ciyar da mu. Ka koya mana mu kiyaye ta domin 'ya'yanmu. Amin.