Darasi na 14: Dutsen Dala da Tsohon Hoto

A garin Gaya akwai wani tsohon maƙeri wanda shekarunsa suka haura 70. Ya daɗe da barin ƙira, don hannunsa ba ya iya ɗaga masaba kuma. Yana da jikoki da yawa, amma wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne ƙaraminsu, wanda kowa a gidan ke kira Auta. Auta yana aji 5 a makarantar firamare.

Ran nan da hutu, tsohon ya sa Auta ya buɗe wata tsohuwar adaka ya ɗauko masa takardar gona. Yana cikin nema sai ya ci karo da wani hoto baƙi da fari, wanda ya koɗe saboda daɗewa. A cikin hoton akwai wani mutum da babbar riga, da wani yaro a gefensa, suna tsaye a bakin wani tsauni. A ƙasa can bayansu ga gidajen ƙasa, da itatuwan dabino, da gonaki. A bayan hoton kuwa an rubuta, “Dala, 1961.”

Auta ya sheƙo da gudu ya ce, “Kaka, wane ne wannan yaro mai kunnuwa kamar na zomo?”

Tsohon ya karɓa ya duba, ya yi dariya ya ce, “Tafi can, ja'iri! Ai ni ne, ina ɗan shekara 10. Wannan kuwa mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa.”

Daga nan sai ya yi shiru, idanunsa suka kawo ruwa. Can ya nisa ya ce, “Ran da aka ɗauki hoton nan mahaifina ya ce mini, ɗan maƙerin da bai ga Dala ba bai san mafarin sana'arsa ba. Na yi masa alkawari ni ma zan kai ɗana. Yau da gobe ta hana, har ga shi ubanka ya yi furfura ban kai shi ba.”

Auta ya ce, “To, Kaka, ai dutsen bai gudu ba. Mu je mana!”

Da mahaifin Auta ya ji maganar, sai ya ce, “Baba, ina jiye muku ciwon gwiwa. Hawan dutse ba na mai sanda ba ne.” Tsohon ya ce, “Alkawari kaya ne. Ba na so in tafi da shi kabari.” Da jin haka ɗan bai sake musu ba.

Ranar Asabar da sassafe su uku suka shiga mota. Suka bi ta Wudil, suka haye gada, da hantsi suka iso Kano. Suka hau a-daidaita-sahu, ya ratsa da su cikin birni ta lunguna, har ya sauke su a unguwar Dala. Tsohon ya tsaya yana waige-waige. A da, in mutum ya doso wurin, tun daga nesa yake hangen dutsen tsaye shi kaɗai a fili. Yanzu kuwa gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, har wasu sun manne da gindinsa.

Dala ba dutse ne mai tsawo ƙwarai ba. Tsauni ne ja, na marmara, kansa kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. An yi masa matakala ta siminti don sauƙin hawa. Auta ya riƙe wa kakansa buta, uban ya riƙe masa hannu, suka fara hawa sannu a hankali.

Ba su yi nisa ba tsohon ya zauna ya huta. Ya nuna wa Auta jikin dutsen ya ce, “Ka ga jan nan? Alamar tama ce, a cikinta ƙarfe yake. Mutanen dā sukan haƙo ta, su gina wani dogon murhu na yumɓu, su zuba ta tare da gawayi. Sai su yi ta hura wuta da zugazugi wuni guda, har datti ya narke ya rabu da ƙarfe. Dattin shi ne kashin maƙera. Ƙarfen kuwa a ɗora shi kan uwar maƙera a yi ta duka, a ƙera fartanya da gatari da kibiya.”

Maganar tsohon gaskiya ce. Masu binciken kayan tarihi sun tona ƙasa a wurin, sun sami ragowar irin waɗannan murahu, suka kuma auna shekarunsu. Sun tabbatar ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, wato shekara fiye da 1,300 ke nan. Labarin kaka da kakanni kuma ya nuna wasu maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo neman tama suka zauna a gindin dutsen. An ce shugabansu sunansa Kano, daga gare shi garin ya sami suna. Inda ƙarfe yake akwai fartanya, inda fartanya take akwai abinci, inda abinci yake kuwa can jama'a ke taruwa. Haka ƙauye ya zama gari.

Suka ci gaba da hawa. Da suka sake tsayawa hutu, Auta ya ce, “Kaka, malaminmu ya ce wai wani ƙato ya taɓa zama a nan.”

Tsohon ya ce, “Barbushe ke nan. Yana cikin littafin tarihin sarakunan Kano, wanda malaman dā suka rubuta da Larabci.”

Littafin ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya fara gina gida a kan dutsen, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Barbushe daga zuriyarsa yake. An ce maharbi ne mai ƙarfin gaske, yakan kashe giwa da sanda, ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani, wadda ke wajen wata itaciya da aka kewaye da katanga. Ba mai shiga wurin sai shi. In lokacin bikinsu ya zo, jama'a sukan taru da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, shi kuwa ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. An ce har ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su.

Bisa lissafin masana tarihi, Bagauda ya zama sarkin Kano na farko a shekarar 999. Jikansa Gijimasu, sarki na 3, shi ya fara ginin ganuwa, aka sa Dala a cikinta. A ƙarni na 14 Sarki Tsamiya ya rushe wurin bautar Tsumburbura. A cikin ƙarnin nan kuma, zamanin Sarki Yaji, Wangarawa suka zo daga Mali, Musulunci ya kafu a fadar Kano.

Da ƙyar da jiɓin goshi tsohon ya taka matakin ƙarshe. Ya dafa sandarsa ya ce, “Alhamdu lillahi!” Iska mai sanyi ta buso. Auta ya duba ƙasa, ya riƙe baki don mamaki. Birni ya shimfiɗu gabas da yamma, kudu da arewa, iyakar ganin ido. Mutane sun koma kamar tururuwa. Uban ya nuna masa Goron Dutse can yamma. Wajen kudu kuma ya nuna masa inda Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa suke, waɗanda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kusa da fada ga hasumiyoyin Babban Masallaci. Ta arewa wani jirgin sama ya taso ya wuce.

Baƙi ma sun daɗe da sanin kyan wannan hange. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Dakta Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya hau Dala ya zana surar birnin, aka buga ta cikin littafinsa a Turai.

To, sai tsohon ya fito da hoton daga aljihu, suka shiga neman inda aka ɗauke shi. Suka kewaya nan, suka kewaya can, suna gwada hoton da abin da ke gabansu. Gonakin babu su, duk sun zama gidajen siminti da rufin kwano. Dabinon ma ba sauran da yawa. Daga ƙarshe tsohon ya tsaya ya nuna wani wuri da sanda ya ce, “Nan ne, amma inda muka taka ya zube.” Gefen ya zaizaye, sai kwari cike da shara da ledoji.

Auta ya ce, “Kaka, dama dutse yana ƙarewa?”

Tsohon ya ce, “Yana ƙarewa mana, abokina. Kowace damina ruwa yana wanke ƙasar da ke ƙarƙashin marmara, sai ta rasa madogara ta faɗo. Mutane kuma suna ɗibar ƙasa a gindinsa don gini. Yau da gobe ba ta bar kome ba.”

Auta ya sunkuya zai ɓanɓari guntun dutse ya kai wa 'yan ajinsu. Tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, “A'a, bar shi. In duk wanda ya hau ya tafi da guntu, me jikanka zai tarar? Ba namu ba ne, amana ce. Ka tafi da labari, ya fi dutse sauƙin ɗauka.”

Auta ya janye hannu. Suka roƙi wani saurayi ya ɗauke su hoto da wayar uban, su uku a jere, birni a bayansu. Tsohon ya dubi ɗansa ya ce, “Na makara, amma na cika.” Ɗan ya ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.” Suka yi wa mamaci addu'a, suka sauko.

Da suka koma Gaya aka wanko sabon hoton. Auta ya rubuta sunan dutsen da shekarar a bayansa, ya haɗa shi da tsohon, ya mayar cikin adaka. Ya ce wa kakansa, “In Allah ya ba ni ɗa, ni ma zan kai shi.” Tsohon ya ce, “To, ka ɗauki kaya. Allah ya sa ka fi ni saurin saukewa.”

Tambayoyi

1. Me Auta ya gani cikin adaka?
2. Wane alkawari tsohon ya yi wa mahaifinsa?
3. Bayyana yadda mutanen dā ke fitar da ƙarfe daga tama.
4. Wane ne Barbushe, kuma wane sarki ya fara ginin ganuwar Kano?
5. Faɗi abubuwa 2 da ke sa Dutsen Dala zaizayewa.
6. Mene ne ma'anar “Alkawari kaya ne”?

Aiki

Tambayi wani dattijo labarin wani dutse, ko kogi, ko tsohuwar itaciya da ke garinku. Rubuta abin da ya faɗa maka cikin jimloli 10.