Yadda Ake Kula da Filin Golf

Wani mai sauraronmu daga Jos Jarawa yana tambaya: me ya sa ciyawar bakin rami a filin golf take lumui, kuma mene ne amfanin ramukan yashin da ke cikinsa?

To Malam, ai abin a garinku yake. Kulob ɗin golf na Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza. A da, filayen Arewa da dama yashi ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe bakin ramin, saboda ciyawa ba ta jure rani sai da ban-ruwa.

Inda aka shuka ciyawa kuwa, aiki ne ja. Kusan kullum ake aske ta, tsawonta bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Lokaci-lokaci a huhhuda ƙasar, a barbaɗa yashi, don iska da ruwa su kai ga saiwa.

Ramukan yashin tarko ne ga ɗan wasa. Ruwan Agusta na Jos kan zaizaye gefensu, laka ta gauraya da yashin. Gyaran shi ne a kwashe yashin, a shimfiɗa tsakuwa da bututun magudana, sannan a zuba sabo.