Ɗan Luru a Tafin Hannu: Amsar Wasiƙunku daga Rano da Kibiya

Yau jakar wasiƙunmu ta karkata kudancin Kano, domin galibin takardun da ke gabana daga ƙasar Rano da Kibiya suka fito, kuma kamar an haɗa baki, kusan duk a kan allura da ƙyalle suke, sai guda da ke kewar gida. Bari mu fara da bismillah.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Rurum. Ta ce 'yarta ta nuna mata hotuna a waya, matan Turawa suna harhaɗa ƙyallaye suna ɗinka ɗan mitsitsin bargo wanda ko jariri ba zai rufe ba. Tana tambaya: mene ne amfaninsa, kuma mu Hausawa muna da irin wannan sana'a?

Hajiya, mun gode. Bargon da kika gani hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, da shafi a baya, sannan a bi su da ɗinki a tattare su wuri ɗaya. A Amurka, cikin shekarun 1800, da irin wannan ƙarami ake koya wa yarinya riƙon allura, ta ɗinka wa 'yartsanarta mayafi kafin a ba ta babba. Masu yinsa a yau sukan nemi tsohon bargo na kakanni, su kwaikwayi zanensa da launinsa, su fitar da shi a ƙarami, galibi bai wuce inci 24 kowane gefe ba. Ba don sanyi ake yinsa ba. Ana rataye shi a bango ne don kada zanen ya ɓace. Kada kuma ki ɗauka aikin masu hali ne kawai. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, matan baƙar fata, jikokin bayi, da tsofaffin wandunan aiki suke haɗa nasu saboda talauci, amma a shekarar 2002 aka baje bargunan nasu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Amurka.

Amma batun ko muna da irinsa, Hajiya, ai kin sha ganinsa ranar hawan sallah. Lifidi ke nan. Wannan rigar da ake lulluɓe doki da mahayinsa da ita, ƙyallaye ne ja da fari da shuɗi da rawaya aka yanka aka jera, aka cusa auduga, aka bi da ɗinki. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Kano. Kaurin audugar ne ke cinye ƙarfin kibiya kafin ta kai ga jiki, ko da yake abu ne mai tsoron wuta. To kin ga tun fiye da shekara 600 hannun Bahaushe ya san wannan ɗinki. Abin da ba mu saba ba shi ne fitar da shi a ƙarami don adanawa, kuma shi ne ya kamata mu ɗauka.

Wasiƙa ta biyu daga wani tela ce a cikin garin Kibiya. Ya ce bayan ɗinkin sallah buhunan ƙyalle sun cika masa shago, wasu yara na kwasa, sauran a ƙone. Yana son a faɗa masa yadda zai fara.

Malam, kai ma da ka fi ni sanin keke, amma ga abin da masu yi suka ginu a kai. Da farko ware ƙyallen. Na auduga zalla, irin atamfa da shadda da farin yadi, su je gefe guda. Mai santsi da mai roba-roba ka bar su, domin ƙaramin yanka ba ya zama a ƙarƙashin allura idan yadin na zamewa. Ka wanke kowane launi daban, musamman ja da shuɗi, ka ga wanda ke zuba tun kafin ya ɓata maka fari. Sannan guga.

Na biyu, zaɓi mai ƙananan fure ko wanda ba shi da zane. Atamfa mai manyan ganye idan ka yanko inci ɗaya daga jikinta ba wanda zai gane mene ne.

Na uku, awo. Yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci ɗaya da rabi kowane gefe, ya zama ma'auninka. Ɗinki zai ci rubu'in inci ta kowane ɓangare, abin da zai fito a fuska inci ɗaya ne cif. Ka jera 12 a tsaye, 12 a kwance, guda 144 ke nan, ka sami ɗan bargo mai ƙafa ɗaya kowane gefe. A babban bargo kuskuren ɗan tsinke ba ya fitowa, amma a nan idan kowane ɗinki ya kauce kaɗan, kafin ka kai ƙarshen layi kusurwoyi sun daina gamuwa. Saboda haka kowane layi ka gama, ka goge shi kafin ka haɗa da na gaba.

In kuma zanen lifidi kake so, mai kusurwa uku-uku, ga dabara: ɗora ƙyalle biyu masu launi daban fuska da fuska, ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, yi ɗinki a gefensa na dama da na hagu, sannan ka bi layin da almakashi. In ka buɗe za ka ga guda biyu, kowanne rabi wannan launi rabi wancan.

Na huɗu, abin cusawa. Na san yanzu rimi ya fashe, audugarsa na yawo ko'ina, kuma ita muka saba zubawa a matashi da katifa. Kada ka sa ta a nan: tana dunƙulewa, kuma za ta kumbura ɗan abin ya koma kamar gammo. Tsohon zane mai laushi hawa ɗaya ya isa, ko auduga da aka shiɓe aka shimfiɗa siririya. Ka fara ɗinkin tattarewa daga tsakiya kana fita baki, don kada ya yamutse. A ƙarshe ka kalmashe bakin da siririn ƙyalle. Yaran shago ma ka ba su wannan su koyi daidaita hannu, ya fi ka ba su shaddar mutane su gwada a kai.

Ta uku ita ce ta fi taɓa ni. Wata ɗaliba daga cikin garin Rano ta ce kakarta ta rasu ta bar tsohon luru da gwado da wani zanen saƙi a adaka. Asu ya ci wasu wurare. Tana so ta yayyanka inda ya rage ta haɗa ƙaramin bargo don tunawa da ita.

Allah ya jiƙan kaka, ya kyautata makwancinta. Amma ƙanwata, ajiye almakashin nan. Abin da ke cikin adakar nan ba za ki same shi a Kantin Kwari ba ko nawa kika riƙe.

Bari in tuna miki wace ƙasa kike. A labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Katsina da Daura aka ba su kasuwa, Gobir yaƙi, Kano da Rano kuwa su ne sarakunan baba, wato rini. Maƙwabtanku Kura da Bunkure sun yi suna da karofi da mabuga, har Buzayen Sahara suka san turkuɗi ɗan Kura. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin ƙasar nan suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta wanda ake kaiwa Tambutu kaɗai da kayan raƙumi 300 a shekara. Wannan tufa ba a birni kaɗai ake yinta ba. Mata a ƙauyuka ne ke gurzar auduga, su shiɓe, su kaɗa a mazari, su fitar da zare da abawa. Maza su yi wadari, su zauna a masaƙa da allera da ƙoshiya, kunkuru na jan zaren a gaba, su fitar da ƙwarya-ƙwarya a haɗa su zama zane. Yadin kanti ya fara cin kasuwarsu, masaƙun zamani irin na Kaduna da aka buɗe a 1957 suka ƙara, yadin waje mai araha ya zo ya ƙarasa. Yau tsofaffin da suka san sunan kowane zane ƙidaya gare su.

Ga abin da za ki yi. Shimfiɗa lurun a inuwa, ki kakkaɓe shi a hankali, ki ɗauki hotonsa gaba da baya. Ƙirga ƙwarya nawa aka haɗa, ki auna faɗin kowane ratsi, fari da baƙi, ki rubuta. Sai ki rage komai zuwa kashi ɗaya cikin huɗu: inda yake yatsa huɗu ki yi yatsa ɗaya. Yawan ƙwarya da jerin ratsi kuwa kada ki canza, don su ne zanen. Ki sami farin yadin auduga, ki kai rabinsa marina a tsoma miki a baba na gaske. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yanzu ana rini a cikinsa. Farin kuma in ya yi miki haske da yawa, jiƙa shi a ruwan shayi marar madara zai ɗauki kalar tsufa. Adon da masaƙi ya saƙa a jiki, ki bi shi da allura da zare.

Abu mafi muhimmanci: ɗauki hoton ki kai wa tsofaffin unguwa, musamman wanda ya taɓa zama a masaƙa, ki tambayi sunan zanen da lokacin da ake shimfiɗa shi. Ki rubuta wannan a bayan ƙaramin naki, da sunan kaka, da garin, da shekara. Na asalin ki naɗe shi cikin farin zane, ki ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ki riƙa fito da shi yana shan iska, domin raɓar damina na sa shi fumfuna. Ta haka kin sami abin ratayewa, kuma gadon bai taɓu ba.

Sai wani ɗan Tarai mazaunin Legas. Ya ce 'ya'yansa a can aka haife su, ba su san ƙauye ba sai a waya. Wane lokaci ya fi dacewa ya kawo su?

Yallaɓai, mutane da yawa za su ce maka kaka, lokacin da rumbu ya cika. Ni kuwa na ce ka kawo su a ƙarshen bazara, bakin faɗuwar damina, wajen watan Mayu zuwa farkon Yuni. Za su tarar da ragowar mangwaro, binta siga da fafaranda. Za su tarar da ɗorawa ta nuna, su ɓare su sha garinta har bakinsu ya yi rawaya, su ga yadda mata ke dafa kalwa a yi daddawa. Ka nuna musu shamuwa ta dawo tana sheƙa a bishiyoyin gari, ka gaya musu manomi na ganinta ya san ruwa ya kusa. Su bi amalanke a kai taki gona. In Allah ya sa suna nan aka yi ruwan shuka, su ji ƙamshin ƙasa, da asuba su bi bayan mai sungumi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Da dare shinge zai fito ya yanyame fitila, a ajiye kwanon ruwa a kama, a soya. Bayan 'yan kwanaki tafasa ta tsiro a yi kwaɗo, taɓon kaɗanya ya fara zuba, zabi su fara ƙwai, ciyawa ta fito nono ya yi arha. Ka nuna musu gawo, bishiyar da ke zubar da ganye lokacin da kowa ke tohowa, shi ya sa hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinta.

In ka sami yini guda, ku hau duwatsun Rurum da safe, ku zarce madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, su ga inda ruwan noman rani na Kura da Bunkure ke fitowa. Gargaɗi biyu kawai: kada su yi wanka a kududdufi ko hanyar ruwan noma saboda tsargiya da nutsewa, kuma ka tabbata sun kwana cikin gidan sauro.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani dattijo a Zurgu. Ya ce yanzu da ake sharar gona, ɗinkin abin da ba a rufa da shi ba ɓata lokaci ba ne?

Baba, Allah ya ƙara girma. Kai ka fi mu sani, masaƙan dā manoma ne, da rani suke zama a masaƙa, ruwa na sauka su naɗe wadari su ɗauki fartanya. Haka wannan ma yake. Aikin tsakar rana ne a gindin bishiya, lokacin da zafi ya hana fita. Ba ya cin kuɗi, don ƙyallen zubarwa ne. Yarinyar da ta iya haɗa ƙyalle 144 ba karkata, gobe ta iya ɗinka shimfiɗar jariri da rigar matashi ta sayar. In kuma akwai tsohon gwado a ɗakinka, Baba, ka kira jikokinka ka faɗa musu sunansa da wanda ya saƙa shi, tun kana nan ana iya tambayarka.

Lokaci ya ƙwace mana. Waɗanda ba su ji tasu ba su yi haƙuri, suna nan cikin jaka sai mako mai zuwa. Duk wanda ya san sunayen zanen luru ko gwado da ake saƙawa a garinsu, ya rubuto mana, za mu karanta kowa ya ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da fari.